Yadda za ka kwashe bidiyo daga sabar shafinka ka kai shi inda aka tanadar masa

Cikin goman tsakiya na wani azumi, ana saukowa daga asham, wayata ta yi ƙara. Sakataren wata makaranta ne da na gina wa shafin intanet. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Malam, shafin nan fa ya ƙi buɗewa, iyayen yara sai kira suke yi." Na kunna kwamfuta na shiga, sai ga farin allo da layi ɗaya tak a sama: 509 Bandwidth Limit Exceeded.

Da na leƙa cPanel, wato allon da ake sarrafa ma'ajiyar shafin daga ciki, sai na ga abin da ya faru. Tun farkon watan suke ɗaukar tafsirin Malam da waya, su ɗora fayil ɗin yadda yake a ma'ajiyar hotuna ta WordPress, manhajar da aka gina shafin da ita, su tura linkin a zaurukan WhatsApp. Jama'a suka yi ta kallo, kason datar da kamfanin hostin, wato mai ba mu hayar wurin ajiye shafin, ya ware mana na wata guda ya ƙare tun watan bai raba ba. Tafsiri ya tsaya, fom ɗin neman gurbin karatu ya tsaya, shafin duba sakamakon jarabawa shi ma ya tafi. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da hannuna na buɗe ƙofar: makonni kafin nan sun yi kukan cewa manyan fayiloli ba sa hawa, na shiga saitin PHP na ɗaga musu `upload_max_filesize`, wato iyakar girman fayil ɗin da za a iya ɗorawa, ba tare da na tambayi me za su ɗora ba.

Wannan jagorar ita ce bayanin da ya kamata a ce na yi musu a ranar.

Fara da lissafi, don ka ga girman abin

Nauyin bidiyo yana bin yawan datar da yake ci a kowace daƙiƙa. YouTube na ba da shawarar megabit 5 a daƙiƙa ga bidiyo mai kaifin 720p, megabit 8 kuma ga 1080p. Mu ɗauki biyar ɗin. Minti goma daƙiƙa 600 ne. Ka ninka da 5, ka samu megabit 3,000. Ka raba da 8, tunda bit takwas ne bait ɗaya, ka samu megabait 375. Awa guda ke nan ta kai gigabait 2.25. Idan mutum 100 suka kalli karatun awa ɗayan nan har ƙarshe, gigabait 225 sun fita daga sabarka, wato kwamfutar da shafinka ke zaune a kanta, a dare ɗaya. Shafin rubutu da 'yan hotuna kuwa, megabait biyu ko uku sun ishe shi. Wato mai kallo ɗaya yana cin abincin masu karatu ɗaruruwa.

Akwai kuma faɗin bututun. Sabar da aka haɗa da layin megabit 100 a daƙiƙa, mutum 20 ne kacal za su iya kallon wancan bidiyon a lokaci guda kafin layin ya cika maƙil. A hostin na haɗaka, wanda shi ne yawancinmu ke saye saboda arha, ba kai kaɗai ke kan layin ba, gidan haya ne mai ɗakuna da yawa kuma famfo ɗaya. Kada kalmar "Unlimited" da ka gani a tallar kamfanin ta ruɗe ka. Ka buɗe sharuɗɗan amfani ka karanta, da yawansu sun rubuta ƙarara cewa ba a yarda a mai da wurin rumbun ajiyar fayiloli ko tashar bidiyo ba, kuma suna da ikon dakatar da kai. Ga wahalar kwafin ajiya: duk lokacin da manhajar ɗaukar kwafi irin UpdraftPlus ta tashi aiki, sai ta kinkimi waɗannan gigabait ɗin duka, ta cika faifai, wani lokaci ta maƙale a hanya kai kuma kana zaton kana da kwafi.

Wannan ɓangarenka ne. Ɓangaren mai kallo ya fi damuna. Idan ka ɗora fayil ɗin MP4 guda ɗaya, kowa shi zai ja, da mai intanet ɗin ofis a Abuja da wanda ke ƙauye yana ɗaga waya sama yana neman sabis. Na biyun zai ga da'irar nan tana ta juyawa, datarsa na ƙonewa, har ya gaji ya fita. Kamfanonin da bidiyo ne sana'arsu ba haka suke yi ba. Da ka ba su fayil, sai su sake sarrafa shi zuwa kwafi da dama, 240p, 360p, 480p, 720p zuwa sama, su yayyanka kowane kwafi gunduwa-gunduwa na 'yan daƙiƙoƙi. Manhajar kunnawa tana auna ƙarfin sabis ɗin mai kallo, ta ɗauko gunduwar da ta dace da shi. Sabis ya yi rauni, hoto ya ɗan dushe amma murya ba ta yanke ba. Fasahar da aka fi sani a nan ita ce HLS, wadda Apple ya fitar a 2009, sai takwararta MPEG-DASH. Sannan suna rarraba gunduwoyin a saboci da yawa a sassan duniya domin su zo wa mai kallo daga kusa. Cloudflare, ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni, yana da cibiya a Legas. Ga mai sauraron darasi ko wa'azi, rashin yankewar muryar nan shi ne komai.

Mataki na farko: ƙidaya abin da ke hannunka

Shiga cPanel, buɗe Disk Usage, ka duba babban fayil ɗin `wp-content/uploads`. A cikin WordPress kuma ka buɗe Media, ka tace da Video. Ɗauki takarda ko Excel ka rubuta sunan kowane bidiyo, girmansa, tsawonsa, da shafin da yake ciki. Ka ƙara layi ɗaya mai muhimmanci: na kowa da kowa ne, ko na waɗanda suka biya kuɗi ne kawai? Amsar wannan ce za ta zaɓa maka masauki. Kafin ka taɓa komai, sauke dukkan fayilolin zuwa kwamfutarka ta FTP, hanyar kwaso fayiloli daga saba, da manhaja irin FileZilla, ka kwafe su a faifan waje.

Mataki na biyu: zaɓen masauki

A nan mutane suka fi yin kuskure, don haka bari in daɗe.

Idan burinka jama'a su gani, kamar wa'azi, tallar kaya, labarai, ko bayanin yadda ake amfani da wani abu, YouTube ne zaɓina kuma ba na jinkiri a kai. Kyauta ne, ba ya ƙidaya maka masu kallo, kowace waya ta san shi, kuma shi kansa wurin bincike ne da zai kawo maka baƙin da ba su taɓa jin sunan shafinka ba. Amma ka san abin da kake bayarwa a madadin kuɗi. Tun gyaran sharuɗɗansu na 2020, YouTube na da ikon sa talla a bidiyonka ko da ba ka shiga tsarin raba kuɗin talla ba, kuma ba kai ke zaɓen tallar ba. Ga makarantar addini ko asibiti, wannan abu ne da ya kamata a zauna a tattauna tun kafin a fara, kada wata talla ta fito gaban karatu a zo ana tambayarka. Haka nan tambarinsu na kan bidiyon, kuma dannawa ɗaya ta isa ta fitar da baƙonka daga shafinka.

Idan darussa kake sayarwa, ko bidiyon na cikin gida ne na ma'aikata, to YouTube bai dace ba. Mutane da yawa suna sa bidiyo a Unlisted su ɗauka sun kulle shi. Ba su kulle ba. Ma'anarsa kawai ba zai fito a bincike ba, amma duk wanda ya samu linkin zai kalla, kuma ɗalibi ɗaya ya isa ya jefa shi a zaure mai mutum ɗari biyu. Private kuwa ba zai yi wa baƙin shafinka aiki ba sam. A nan sai ka koma wurin masu karɓar kuɗi.

Vimeo, wanda ya girmi YouTube da 'yan watanni don a ƙarshen 2004 aka kafa shi, yana tafiya ne da kuɗin rajista. Ba ya sa talla, kuma a tsare-tsarensa na biya za ka iya cewa bidiyon kada ya kunnu sai a adireshin shafinka kaɗai. Shi ya fi sauƙi ga wanda ba ya son taɓa rubutun manhaja. Bunny Stream, na kamfanin bunny.net da ke Sulobeniya, gwargwadon gigabait ɗin da ka adana da wanda aka ja yake caji. Yana da arha, sai dai ka lura farashin isar da data ya bambanta daga yanki zuwa yanki, na Afirka ya fi na Turai tsada, don haka da wannan za ka yi lissafi idan masu kallonka a gida suke. Cloudflare Stream shi da minti yake awo: dala 5 a wata kan kowane minti 1,000 da ka ajiye, dala 1 kan kowane minti 1,000 da aka kalla. Ka sake duba shafinsu ranar da za ka biya, farashi ba ya zama wuri ɗaya.

Dubi yadda wannan awon ke raba gardama. Kwas mai tsawon awa 10, ɗalibai 40, kowa ya kalla duka: minti 600 sau 40, minti 24,000 ke nan, dala 24, da dala 5 ta ajiya. Kuɗin ɗalibi ɗaya ko biyu zai iya biya. Amma tafsirin awa guda da mutum 100 ke kallo kowane dare har dare 30 minti 180,000 ne, wato dala 180, kuma kullum addu'arka masu kallo su ƙaru. Abin da aka yi domin sadaka a kai shi inda yawan jama'a ba ya zama bashi. Kada ka manta kuma duk waɗannan da dala ake biyansu. Ka tabbata katinka yana biyan kuɗin waje, ka sa tunatarwa a waya kafin ranar sabuntawa, domin in biya ya faɗi bidiyoyin ne za su daina fitowa.

Wurare biyu zan hana ka. Google Drive wurin ajiya ne, ba tashar kallo ba. In mutane suka yi yawa kan fayil ɗaya yakan rufe shi na ɗan lokaci ya ce an wuce ƙima, kuma a ranar da ka fi buƙatarsa hakan ke faruwa. Na biyu, dabarar barin bidiyon a sabarka ka lulluɓe shafin da tsarin Cloudflare na kyauta don ya ɗauke maka nauyin. Sharuɗɗansu sun taƙaita raba bidiyo ta wannan hanyar, sun ce a bi ta ayyukansu da aka yi domin haka. Facebook kuwa ana iya liƙa bidiyonsa a shafi in dai na kowa da kowa ne, amma ni ina ɗaukarsa wurin yaɗawa, ba babban masauki ba.

Mataki na uku: gyara fayil kafin ɗorawa

Masaukin zai sake sarrafa bidiyon da kansa, don haka in kana da intanet mai ƙarfi ba da shi da kyansa. Amma wanda ke ɗorawa da datar waya ya san zafin tura gigabait huɗu, ya kai kashi casa'in sabis ya ɗauke. Sauke HandBrake, manhajar matse bidiyo, kyauta ce. Buɗe fayil ɗin, zaɓi Fast 720p30 in mutum ne zaune yana magana, ko Fast 1080p30 in akwai ƙananan rubutu a allo da ake son a karanta. Bar tsarin a MP4, hoto H.264, sauti AAC, ka sa alama a Web Optimized, sannan ka danna Start Encode. Mai son rubuta umarni da hannu zai samu kusan wannan sakamakon da FFmpeg:

```
ffmpeg -i asali.mp4 -vf scale=-2:720 -c:v libx264 -crf 21 -c:a aac -b:a 128k -movflags +faststart sabo.mp4
```

Lambar 21 ɗin nan ita ce ma'aunin kyau. In ka rage ta hoto ya ƙara kyau fayil ya ƙara nauyi, in ka ƙara ta akasin haka. Yanke farkon da ake gyara makirufo da ƙarshen da ake naɗe tabarma. Ka saurari sautin da abin kunne kafin ka wuce, mutane suna haƙuri da hoto mai hazo amma ba sa haƙuri da murya mai ƙara. In akwai kiɗan wani a bayan fage, kamar na taron biki ko na bikin yaye ɗalibai, ka cire shi, don tsarin Content ID na YouTube yana gane waƙoƙin da aka yi wa rajista, kuma mai waƙar na iya karɓe kuɗin talla ko ya toshe bidiyon a wasu ƙasashe.

Mataki na huɗu: buɗe tasha da ɗorawa

Kada a buɗe tashar da imel ɗin wani ma'aikaci na kansa. Na ga inda yaron da ke kula da shafi ya bar aiki ya tafi da kalmar sirri, shekaru na karatu suka zama ba mai iya taɓa su. A buɗe imel da sunan makarantar ko kamfanin, a kunna tabbatarwa mai hawa biyu, lambar wayar ta zama ta shugaban wurin, sauran ma'aikata kuma a ba su izini ta Permissions a cikin YouTube Studio, kowa da iyakarsa.

Sabuwar tasha minti 15 ne iyakar abin da za ta ɗora. Je ka youtube.com/verify ka tabbatar da lambar waya, sai a buɗe maka dogayen bidiyo har awa 12 ko gigabait 256, duk wanda ya riga cika, a kuma ba ka damar sa hoton bango naka. Wajen ɗorawa ka rubuta take da Hausar da mutane ke bincike da ita, ka sa linkin shafinka a layin farko na bayani, ka amsa tambayar ko don yara aka yi bidiyon bisa gaskiya. Danna Show more ka tabbata akwai alama a Allow embedding, in babu ita bidiyon ba zai kunnu a shafinka ba. Ka kuma sani bidiyon da aka sa wa iyakar shekaru ba ya kunnuwa a yawancin shafukan waje, sai an koma YouTube. Bayan ɗorawa ka ba shi lokaci, ƙananan kwafi ne ke fara fitowa, masu kaifi su biyo baya.

A Vimeo, Bunny ko Cloudflare, a wannan matakin ne za ka shiga saitin tsaro ka rubuta adireshin shafinka a jerin wuraren da aka yarda. Ka sa shi da www da kuma babu www, don rashin yin haka ya sha sa mutane kwana suna neman abin da ya lalace. Ga darussan kuɗi, a Bunny ko Cloudflare, ka kunna linki mai sa hannu, wanda ke mutuwa bayan wani lokaci, ta yadda ko an kwafe shi an tura wa wani ba zai yi aiki gobe ba. Wannan ba zai hana mai naci ɗaukar allo da wata wayar ba, amma yana tare yawancin ɓarna.

Mataki na biyar: liƙa shi a shafinka

A WordPress abin ba wuya. Kwafi linkin bidiyon, ka manna shi a layi shi kaɗai cikin editan, zai rikiɗe ya zama allon kallo da kansa. Tun sigar 2.9 ta 2009 WordPress ke yin haka ta hanyar oEmbed. Amma ni na fi son in sa da hannu a bulon Custom HTML, don in riƙe linzamin:

```
<iframe
  src="https://www.youtube-nocookie.com/embed/LAMBAR_BIDIYO?rel=0"
  title="Darasi na 3: Hukunce-hukuncen alwala"
  loading="lazy"
  referrerpolicy="strict-origin-when-cross-origin"
  allowfullscreen
  style="width:100%;height:auto;aspect-ratio:16/9;border:0">
</iframe>
```

Lambar bidiyo ita ce haruffa 11 ɗin da ke bayan `v=` a linkin. Kowane layi a nan da aikinsa. Adireshin youtube-nocookie.com shi ne yanayin kare sirri na YouTube, yana rage bibiyar baƙonka. `rel=0` a da yana ɓoye shawarwarin ƙarshen bidiyo gaba ɗaya, amma tun 2018 abin da yake yi shi ne taƙaita su ga bidiyoyin tasharka, wanda ya fi a nuna wa ɗalibi abin da ba ka san shi ba. `loading="lazy"` yana hana burauza ɗauko allon sai mai karatu ya gangaro kusa da shi. Layin `referrerpolicy` yana barin YouTube ya san daga wane shafi ake kiransa, in wata manhajar tsaro ta toshe wannan bayanin allon kan ƙi kunnuwa ya nuna kuskure. Layin ƙarshe shi ke sa allon ya bi faɗin waya ko kwamfuta ba tare da ya fita gefe ba. In bidiyon a tsaye aka ɗauke shi, mai da 16/9 zuwa 9/16 ka taƙaita faɗinsa.

Kada ka sa bidiyo ya kunna kansa. Burauzoci na zamani suna toshe wanda ke tashi da sauti, kuma ko ba su toshe ba, cin datar mutum ba da izininsa ba rashin kyautawa ne.

Ƙarƙashin allon ka rubuta taƙaitaccen bayanin abin da ke ciki, ko ma rubutaccen darasin duka in da hali. Wanda datarsa ta yi ƙasa zai karanta ya amfana, Google ma rubutun yake karantawa ya kawo maka mutane. In za ka iya, rubuta fassarar ƙasan allo da Hausa a fayil ɗin SRT ka ɗora tare da bidiyon, kurame da masu kallo a cikin hayaniyar kasuwa za su gode maka.

Mataki na shida: sauke nauyin da allon ya zo da shi

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Ka cire nauyi daga sabarka, amma allon YouTube da kansa yana jawo ɗaruruwan kilobait na rubutun manhaja zuwa wayar baƙo tun bai danna komai ba. Ɗaya a shafi da sauƙi. Ka jera goma sha biyu a shafin "Dukkan darussa" ka buɗe a ƙaramar waya, za ka ga tana numfashi da ƙyar.

Maganin shi ne a nuna hoto kawai da alamar kunnawa a kansa, sai an danna sannan ainihin allon ya zo. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna lite-youtube-embed da ke yin wannan, kuma manhajojin hanzarta WordPress irin WP Rocket suna da wurin da za ka sa alama su musanya allon da hoto. Hoton kowane bidiyo yana nan a `i.ytimg.com/vi/LAMBAR_BIDIYO/hqdefault.jpg` in kana son ka haɗa naka. Ga shafin jerin darussa kuwa, shawarata kada ka sa allo ko ɗaya. Jera hotuna da take, kowanne ya kai mutum shafin darasinsa.

Mataki na bakwai: kwashe tsofaffin, a hankali

Koma kan takardar ƙidayarka. Bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, cire tsohon bidiyon, sa sabon allo, buɗe ka gani da idonka ya kunnu, sannan ka yi alama. Fara da waɗanda aka fi kallo, su ne ke shan jinin sabar, kuma sashen Bandwidth ko Awstats na cPanel zai nuna maka su.

Kada ka goge tsofaffin fayiloli nan take. Linkinsu yana yawo a WhatsApp da Facebook, wani sai bayan shekara zai danna. Ka karkatar da kowane tsohon adireshi zuwa sabon shafinsa. A sabar Apache ko LiteSpeed layi ɗaya ne a fayil ɗin `.htaccess`, wato fayil ɗin saitin sabar, a sama da sashen da WordPress ya rubuta wa kansa:

```
Redirect 301 /wp-content/uploads/2023/03/tafsiri-01.mp4 https://example.com/tafsiri/dare-na-1/
```

Kwafi `.htaccess` ɗin ka ajiye kafin ka taɓa shi, harafi ɗaya ya kauce shafin duka zai faɗi. Wanda ba ya son wannan kasadar ya yi amfani da manhajar Redirection a cikin WordPress. Idan ka gwada ka ga tsohon linki yana kai ka sabon wuri, kuma ka tabbata kwafin yana faifanka na waje, to goge fayil ɗin ta Media, ka leƙa File Manager ka tabbata ya tafi har daga kwandon shara, ka share tsofaffin kwafin ajiya masu ɗauke da shi, sannan ka ɗauki sabo.

Abu ɗaya ne nake bari a saba: ɗan gajeren bidiyo marar sauti na daƙiƙa biyar ko goma da ake ƙawata saman shafi da shi, in bai wuce megabait biyu ko uku ba. Shi ma a matse shi sosai, a sa masa hoton da zai tsaya a madadinsa, kuma a kan waya hoton kaɗai ya isa.

Mataki na takwas: gwaji

Buɗe shafin a Chrome, danna F12, shiga Network, ka sabunta shafin ka kunna bidiyon. Dubi inda data ke fitowa. In YouTube ne za ka ga googlevideo.com, kada ka ga adireshinka a gaban wani fayil mai ƙarewa da mp4. A wurin nan dai akwai zaɓin rage gudun intanet zuwa na 3G, kunna shi ka ɗanɗani abin da mai raunin sabis ke sha. Sa adireshin a PageSpeed Insights ka duba sakamakon waya. Bayan duk wannan, ari wayar wani mai arha, kashe Wi-Fi, ka gwada da data a layi biyu daban. Ga bidiyon da ka kulle, kwafi linkinsa ka buɗe a tagar sirri ta burauza ba tare da ka shiga asusu ba. In ya kunnu, kullen bai kama ba, koma mataki na huɗu.

Asalin fayil ya zauna a hannunka

Masaukin waje gidan wani ne. Ana rufe tasha bisa kuskure, ana sauya farashi, gwamnati ma kan toshe dandali, kamar yadda aka dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Kwafin da za ka sauke daga YouTube daga baya matsattse ne, bai kai wanda ka ɗora ba. Don haka kowane bidiyo ya kasance da asalinsa a wuri biyu, faifan waje ɗaya a ofis, ɗaya a gida ko a ma'ajiyar intanet, da suna mai ma'ana irin `2024-03-15-tafsiri-dare-05.mp4`. Takardar ƙidayar nan kuma kada a yar da ita, a ƙara mata layin sabon linki. Ranar da ƙaura ta kama, da ita za ka san wane allo ke wane shafi.

A makarantar can, kwana uku muka yi muna wannan aikin ni da sakataren, bayan na roƙi kamfanin hostin ya ƙara mana kaso na ɗan lokaci don shafin ya dawo. Da muka gama na rubuta masa matakan da hannu a takarda guda: matse a HandBrake, ɗora a tasha, duba Allow embedding, manna a shafi, kwafe asali a faifai. Ya liƙa ta da salatif a bango saitin kwamfutar. Kafin in tashi na sake shiga saitin PHP, na mayar da `upload_max_filesize` zuwa megabait 16.